Yadda za ka haɗa fim ɗinka na farko da Hausar gidanku, daga labari har ranar haskawa

Wani yaro ne a unguwarmu ya tare ni bayan isha'i, wai yana so ya shiga harkar fim, ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi kyamara, wace iri nake ganin ya saya. Na ce masa to wane labari za ka ɗauka da ita? Sai ya hau sosa ƙeya. Can ya ce ai akwai wani fim ɗin Indiya da ya kalla, shi zai juya ya mayar Hausa. Ban yi masa dariya ba don ni ma da irin wannan tunanin na fara, amma amsar tasa ce ta sa na zauna na rubuta wannan, saboda shi da ire-irensa, maza da mata.

Kafin mu shiga, ka riƙe wannan a ranka: mutanen da suka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, wato 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa, a kaset ɗin bidiyo suka fitar da shi, kuma wayar da ke aljihunka yanzu ta fi kyamararsu fitar da hoto nesa ba kusa ba. Abin da suke da shi wanda ya sa mutane suka saya shi ne an ji mutane suna magana a talabijin kamar yadda ake yi a tsakar gida. Daga nan harkar ta kama, har a 1999 Sunusi Shehu ya raɗa mata suna Kannywood a mujallar Tauraruwa, tun kafin a fara cewa Nollywood. To fim ɗin Hausa a kunne yake fara shiga kafin ido, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa kusan a kan wannan yake tafiya.

Fara da labarin da ka sani

Kar ka fara da fim mai awa biyu, kar kuma ka fara da mai dogon zango wai kashi hamsin. Minti 10 zuwa 15 ya ishe ka, mutum uku ko huɗu, wuri biyu. Idan ka kasa riƙe mai kallo minti goma, awa biyu azaba kawai za ka gana masa.

Labarin kuma ka duba kusa da kai. Rigimar gado a kan gona guda ɗaya, adashen da uwar adashe ta cinye, ɗan acaɓan da aka hana sana'a ya koma ƙauye, yarinyar da ta ci jarrabawa amma kawunta ya riga ya karɓi goron wani, almajirin da ya girma ya dawo neman gidan da yake yi wa aike. Ka gwada faɗin labarin a jimla ɗaya: wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya. Idan ka ji kana ta "sai kuma, sai kuma" ba ka kai ƙarshe ba, labarin bai nuna ba tukuna. Ka ba wa innarka ko wata gwaggo labarin da baki kamar tatsuniya, ka lura da inda ta ce "to sai aka yi yaya?" da inda ta ci gaba da tankaɗenta ba ta ko ɗago ba.

Wace Hausa mutanenka suke yi?

Nan ne zan daɗe, don nan ne aka fi yin sakaci. Yawancin finafinanmu kowa Kananci yake yi, sarki Kananci, manomi Kananci, wanda aka ce daga Sakkwato ya zo shi ma Kananci, sai dai idan ana so a yi ban dariya a ɗauko Basakkwace ko Bafulatani ko ɗan ƙauye a mayar da bakinsa abin tsokana. Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Hausa tana da Katsinanci, Zazzaganci, Dauranci, Gobiranci, Haɗejanci, Guddiranci, ga Damagaranci da Aderanci da Arewancin Dogon Dutsi a Nijar, ga Hausar zango ta Kumasi da Nima a Gana, kowacce da daɗinta.

Don haka kowane mutum a labarinka ka rubuta masa ɗan tarihi a gefe: ɗan ina ne, shekarunsa nawa, boko ya yi ko allo ko duka biyun, me yake sayarwa. Daga nan bakinsa zai fito. Basakkwace zai ce "mi kaka so", ya ce "shina gidanai", ya ce lahiya lau. Ɗan Damagaram zai ce yaro ya tafi lakwal, kuɗi kuma ya ce jika biyar. Ɗan jami'a zai riƙa tsoma Turanci, ka bar shi ya tsoma don haka yake yi a gaske, amma kar ka sa wannan Turancin a bakin tsohuwar da ke sayar da daddawa. Idan kuma kai ba ɗan yankin ba ne, nemo ɗan can ya zauna da kai ya gyara, kuma ya zo lokeshan, wato wurin ɗaukar fim. Kwaikwayon karin harshen da ba ka iya ba ya fi rashin yin sa muni, 'yan garin daga jimlar farko za su gane.

Sai aikin da nake ganin ya fi komai amfani kuma ba ya cin ko kwabo: sati biyu ka riƙa yawo da ɗan littafi. Teburin mai shayi, tasha, gidan biki, bakin asibiti, majalisar dattawa bayan la'asar. Rubuta yadda mutane suke faɗin abu, musamman yadda suke kauce wa faɗinsa. Bahaushe bai cika zuwa kai tsaye ba. Dubi wannan, irin wanda ake yawan ji a fim:

"Barka da safiya Baba, ina buƙatar in yi magana da kai game da yarinyar da nake so da dukkan zuciyata."

Wallahi babu ɗan da zai tsaya gaban mahaifinsa ya faɗi haka, wannan fassara ce aka yi daga wani harshen aka sa mata hula. A gida abin da zai faru shi ne yaron zai tuɓe takalmi, ya durƙusa daga gefe, ya ce Baba ina kwana, a amsa, ya yi shiru yana wasa da bakin tabarma, uban ya ce "da magana ne?", ya ce "a'a, dama dai...", ƙarshe ma ya tashi bai faɗa ba, ya je ya samu kawunsa ko aminin uban shi ya kawo maganar. Ka ga fitowa ɗaya ta haifi biyu, ka samu sabon mutum a labarin, kuma mai kallo ya ji tausayin yaron ba tare da an yi kuka ko an sa kiɗa ba.

Haka sunaye. Matar da ta manyanta ba ta kiran sunan mijinta, sai Malam, Alhaji, maigida ko Baban wance. Uwa tana alkunyar ɗan fari, wani lokacin ko sunansa ba ta faɗa. Yaron da ya ci sunan kakansa sai a ce Abba ko Baffa ko mai sunan Malam. Malami a ce masa Allah gafarta Malam, mai sarauta ranka ya daɗe. Ranar da matar nan ta kira mijinta da sunansa na yanka a gaban mutane, duk Bahaushen da ke kallo ya san aure ya zo gargara, ba sai wani ya yi bayani ba. Ga kuma wasan taubasai da na jika da kaka da na garuruwa, Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, ban dariya ce wadda take a shirye kuma ba ta wulaƙanta kowa.

Karin magana kuwa a yi hankali. Wasu suna ganin idan aka cika fim da karin magana shi ne ya zama na gargajiya, sai ka ji saurayi ɗan shekara ashirin yana jero su kamar gasa. Gishiri ce, kuma a bakin wanda ya dace.

Wani abu a gefe. Duk wannan da nake faɗa ya shafi mai son yin fim da Fulfulde ko Kanuri ko Nufanci ko Zabarmanci ko Tangale ko Babur. Gaskiya ma su sun fi mu buƙata, domin yadda muke kukan Turanci yana cinye Hausar yaranmu, haka Hausa take cinye ƙananan harsuna a Bauci da Filato da Gwambe da kudancin Kaduna. Idan harshen gidanku ba Hausa ba ne, yi da shi, ka sa fassarar Hausa a ƙasa. Oumarou Ganda na Nijar da fim ɗin Zabarmanci ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, a karon farko da aka bayar da ita.

Sa shi a takarda

Kar ka yarda da tsarin nan na a je lokeshan darakta ya ce "kai ka ce kaza, ke kuma ki ba shi amsa". Tsofaffin 'yan wasan dirama sun iya wannan saboda sun shekara suna yi tare, ku ba ku kai nan ba. Rubuta sikirif. Kowace fitowa ka sa mata lamba, ka rubuta ciki ne ko waje, ina ne, dare ne ko rana, sai abin da ido zai gani, sai magana. A ƙiyasi shafi ɗaya minti ɗaya ne, amma gaisuwarmu tana da tsawo, don haka ka karanta da baki kana duba agogo. Ba dole kowace fitowa ta fara daga sallama har ina gajiya ina iyali ba, ka bar cikakkiyar gaisuwa inda take ɗauke da wani abu, misali inda aka gaishe da mutum ya amsa a daƙile.

Kuma don Allah ka sa harufa masu ƙugiya a wayarka. Baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, bata da ɓata ba ɗaya ba ne. Na taɓa ganin an tsaya ana gardama a lokeshan rana tana tafiya a kan kalma ɗaya da marubuci bai sa wa ƙugiya ba, shi kuma ya kashe waya.

Idan ka gama, tara 'yan wasan a zaure ku karanta tare tun daga farko har ƙarshe. Duk jimlar da ɗan wasa ya yi tuntuɓe a kanta sau biyu, laifin jimlar ne, canza ta.

Mutane da kuɗi

A ƙaramin fim mutum biyar sun isa bayan kyamara: darakta, mai ɗaukar hoto, mai sauti, mai kwantinuti (mai lura kada kaya ko kamanni su canza tsakanin ɗauka da ɗauka), da furodusa wanda zai riƙe kuɗi da abinci da mota. Kar darakta ya riƙe kuɗi, hankalinsa zai rabu. Kyamara haya za ka ɗauka ko ka yi da waya mai kyau, a Kano wajen Zoo Road akwai masu bayar da hayar kayan aiki, kuɗin da ka yi niyyar sayen kyamara ka zuba su a makirfo da abinci da man janareta. Mutumin da bai ci abinci ba ba ya wasa mai kyau, wannan na gani da idona. Ka ware wani abu ka ɓoye saboda ranar da ruwa zai tsinke ko jaruma ta ce an yi musu rasuwa.

'Yan wasa ba sai sanannu ba. Ƙungiyoyin dirama na makarantu da na unguwa cike suke da masu hazaƙa. Mace kuma, ko da ta girma, a je gida a sanar da iyaye ko miji, a faɗa musu labarin da ranakun aiki da lokacin dawowa. Kowa ya sa hannu a takarda, ko rabin shafi ce, a rubuta nawa za a ba shi da cewa ya yarda a nuna fuskarsa. Abota ba ta hana wannan, ita ce ma take tsare abotar ranar da kuɗi suka fara shigowa.

Izini

Idan a Kano kake, akwai Hukumar Tace Finafinai ta jiha wadda aka kafa a 2001 bayan dawo da shari'a, sannan akwai ta tarayya wato NFVCB wadda take tun 1993, ga ƙungiyar masu sana'ar wato MOPPAN. Je ofishinsu da ƙafarka ka tambayi sharuɗɗan rajista da na tacewa na wannan lokacin, kar ka dogara da "an ce". Kar kuma ka ce ai ni a YouTube zan saka babu ruwana da su, a watan Mayun 2025 hukumar Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango har 22 a kan batun rashin kawo su a tace kafin a sake su, ciki har da manya waɗanda kowa ya sani. Sanin dokar tun kana rubutu ya fi a ce ka yanke fitowar da labarin ya dogara a kanta. Maganar taɓa jiki tsakanin namiji da mace misali, tun a takarda za ka nemi dabara, kuma sau da yawa dabarar ta fi kyau: kallo, mayafin da aka gyara, kwanon abincin da aka ture.

A unguwa ko ƙauye kuma ka fara da mai unguwa ko dagaci, da ɗan goronka, kwana biyu ko uku kafin ranar. Shi zai sa a kore maka yara, shi zai kare ka idan wani ya taso. Kayan 'yan sanda ko na soja ko bindigar wasa, kar ka kusance su sai da izini a rubuce.

Lokeshan

An saba aron katafaren gida mai bene da kujerun da ba a taɓa zama a kansu ba, a ce nan ne gidan malamin firamare. Mai kallo ba wawa ba ne. Nemi gidan da ya yi kama da mutumin: zaure, soro, tsakar gida da igiyar shanya, randa, turmi, jeren kwalla ko kabet a ɗakin amarya gwargwadon zamanin labarin. Tsarin gidan Bahaushe shi kansa labari ne, wa yake tsayawa a zaure, wa yake wucewa ciki, wa yake cin abinci shi kaɗai. Idan labarin na da ne, ka zagaya ka duba abin da zai tona maka asiri: leda a ƙasa, wayar lantarki, rufin kwano, takalmin roba, agogon hannu, tabon allurar zamani ma wani lokacin.

Je wurin a daidai lokacin da za ku yi ɗauka, ka rufe ido minti biyu ka saurara. Injin markaɗe, makarantar allo, mai walda, titin da adaidaita sahu ke bi. Ka san kuma lokutan kiran salla ka tsara hutu a kansu. Lokacin shekara ma abin dubawa ne, hazo yana kashe kaifin rana ya ba da haske mai laushi amma ƙura tana shiga kayan aiki, zafin Maris da Afrilu yana sa waya ta ɗau zafi ta tsaya, damina ga kore mai kyau amma ruwa a kan kwano ba ya barin a ji magana.

Sauti, sauti, sauti

Tunda mun ce harshe ne jarin fim ɗin, to idan ba a ji shi ba an yi aikin banza. Mutane za su haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma minti ɗaya na magana kamar daga cikin rijiya sun wuce. Kar ka dogara da makirfon jikin kyamara ko waya. Nemi na maƙalawa a riga, ko na sanda wanda ake riƙewa a saman kai, ya zama bai fi kamu biyu daga bakin mai magana ba. Mai sauti dole ya sa hedifon a kunne tun daga farko har ƙarshe, kuma a ba shi ikon ya ce a tsaya ko da darakta ya ji daɗin wasan.

Matsalar da ta shafe mu mu kaɗai: shadda mai sitaci da hijabi. Shadda tana ƙara duk motsin da aka yi, hijabi kuma yana goga makirfo. A manne shi da filasta yadda ba zai motsa ba, ko a wanke shaddar ta yi laushi, ko a koma na sanda. Sarƙa da awarwaro su ma haka. Janareta a kai shi bayan katanga da doguwar waya, fanka da firij a kashe, wayoyi a rufe. Kafin kowace ɗauka wani ya faɗi lambar fitowa ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin edita zai haɗa sauti da hoto. Idan na'urar tana da zaɓi a sa ta a 48 kilohaz. Bayan an gama a kowane wuri kowa ya yi tsit a ɗauki minti ɗaya na shirun wurin, edita zai yi maka addu'a, da shi ake cike gurbin da aka yanke. Ka kuma ɗauki sautukan gari daban: daka, carar zakara, kukan kurciya, guga a rijiya, tallar yara. Su ne suke sa wanda yake Jidda ko Legas ya ji kamar an kai shi gida.

Hoto

Waya a kwance, a kan ƙafa ko wani abin da zai riƙe ta, a goge gilashin. Sa ta a firam 25, wato hoto 25 a daƙiƙa, saboda lantarkin Najeriya da Nijar mai 50 ne, idan ka bar ta a 30 za ka iya ganin ƙwan fitila yana rawa a hoton. Kulle haske da fokas kada su riƙa canzawa da kansu. Lokacin ɗauka a waje daga fitowar rana zuwa hantsi, sai bayan la'asar, tsakar rana ku shiga inuwa ko ɗaki. Farin kaftani a rana da baƙar fata babbar matsala ce, ko rigar ta ƙone ko fuskar ta ɓace, don haka a zaɓi ruwan madara ko ruwan toka ko shuɗi, kuma a sa wani ya riƙe farin kwali yana mayar da haske kan fuska.

Kowace fitowa ka ɗauke ta aƙalla iri uku, mai faɗi da ke nuna wurin, sai na kusa a kan kowane mai magana. Ka ja layi a ranka tsakanin mutum biyun da ke magana, kyamara ta tsaya a ɓangare ɗaya na layin, idan ka tsallaka za a ga kamar duk gefe guda suke kallo. Sannan mu a ƙasa muke zama, a tabarma ko buzu ko kujerar tsugunno, to sauko da kyamarar daidai idon wanda yake zaune. Idan ka ɗauki dattijo daga sama ka ƙasƙantar da shi ba ka sani ba. Kar ka manta da fuskar mai sauraro, wajenmu wanda ya sunkuyar da kai ya yi shiru sau da yawa shi ne yake faɗin magana mafi nauyi.

Mai kwantinuti ya ɗauki hoton kowa da waya kafin a fara: karin hula, ɗaurin ɗankwali, hannun da carbi yake. Lalle yana dushewa cikin kwanaki, jarumi kuma a hana shi aski sai an gama.

Waƙa da kiɗa

Tsohuwar gardama ce wannan, wasu su ce rawa da waƙa daga Indiya aka kwaso, wasu su ce su suke sayar da fim. Ni dai ra'ayina a ƙaramin fim ba ka buƙatar a tsayar da labari a tafi lambu a canza kaya sau biyar. Waƙa tana da gurbinta a rayuwarmu: waƙar daka, ta niƙa, ta gaɗa a dandali, ta reno, ta kamun amarya, kiɗan gayya a gona. Sa ta inda take zaune da ma. Kayan kiɗan ma kowanne da muhallinsa, kakaki na sarki ne ba a busa wa kowa, kotso da taushi na fada, shantu na mata, kalangu ya fi tafiya da mahauta da biki, ga gurmi da garaya da kukuma da sarewa. Nemo makaɗi na gaske ka biya shi ka ɗauka. Kar ka ɗauko waƙar wani, ko tsohon mawaƙin da ya rasu ne, ka saka ba izini, akwai magada kuma YouTube yana iya kama ta ya juya kuɗin zuwa wani wuri.

Editin da fassara

Duk daren da aka dawo a kwafe abin da aka ɗauka a wuri biyu daban kafin a goge kati. Na san wanda aikin sati guda ya tafi a hadis ɗaya, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, da ya faɗo daga kan tebur. Manhajar editin kuwa, DaVinci Resolve yana da na kyauta a kwamfuta, a waya kuma CapCut zai yi maka. Haɗa fim ɗin yadda aka rubuta, ka bar shi kwana biyu, ka dawo ka yanke duk inda aka nuna mota tana fita daga get tana tafiya tana tafiya, da duk inda wani yake ba da labarin abin da muka riga muka gani.

Sabtaitil kuwa an daɗe ana yi mana dariya a kansa. Nemo wanda ya iya harsunan biyu sosai, malamin makaranta ko ɗan jarida, ka biya shi. Layi biyu kacal a lokaci ɗaya, gajeru. Karin magana ma'anarta ake fassarawa. Yi na Turanci, idan da hali ka yi na Faransanci saboda bukukuwan finafinai na ƙasashen renon Faransa, ka kuma yi na Hausa saboda kurame da masu kallo a cikin hayaniya. Kar ka ji wai sai ka yi fim da Turanci duniya za ta kalla. A 2019 an cire fim ɗin Najeriya mai suna Lionheart daga gasar Oscar ta finafinan ƙasashen waje saboda Turanci ya yi yawa a ciki, bayan nan kuma Najeriya ta tura The Milkmaid a 2020 da Mai Martaba a 2024, dukansu da Hausa aka yi su.

Fitarwa

Kasuwar kaset da faifai ta Ƙofar Wambai da ta riƙe harkar shekara da shekaru ta riga ta mutu, satar fasaha da masu tura finafinai a waya da fassarar Indiya Hausa sun gama da ita. Yanzu YouTube ne da tashoshi irin Arewa24 wadda ta fara a 2014, da manhajoji, da 'yan sinimun da suka rage. A YouTube kafin ka fara samun kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma abin da ake biya a kan mai kallo daga Najeriya ko Nijar kaɗan ne, don haka kar ka ci bashi da sunan fim ɗin farko zai biya. Abin da ya fi saurin kawo wani abu shi ne ɗan kasuwar garinku da zai sa tallarsa. Rubuta sunan fim da bayaninsa da Hausa, don da ita masu neman sa za su bincika. Yanko minti ɗaya mafi zafi ka watsa a TikTok da Facebook da WhatsApp.

Kafin ka sake shi a intanet ka fara gwada bukukuwan finafinai, don wasunsu ba sa karɓar wanda ya riga ya fita. Akwai KILAF a Kano wanda na finafinan harsunan Afirka ne, akwai Zuma na Hukumar Finafinai ta Najeriya, akwai AFRIFF a Legas, FESPACO kuma duk bayan shekara biyu. Mai son karatun abin sosai akwai makarantar fim ta ƙasa a Jos.

Amma kallon farko na mutanen da ka yi aiki a garinsu ne. Ari majigi da lasifika, a ɗaura farin zani a bangon makaranta ko ƙofar gidan dagaci bayan isha'i, mata gefe maza gefe. Kai kuma kar ka zauna a gaba, koma can baya da littafinka ka rubuta inda aka yi dariya, inda aka yi salati, da inda yara suka fara guje-guje. Namu na farko muna cikin nunawa wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce wannan yarinyar ba ta taɓa riƙe taɓarya ba, ji yadda take daka kamar mai jin tsoron turmin, wuri ya kaure da dariya a fitowar da muka so a yi kuka. Washegari muka koma da kyamara, tsohuwar ta zauna a kujera tana gyara wa jarumar tsayuwa har aka sake ɗauka. Ka tafi da man janareta na nuni biyu, don za su ce a maimaita.